Kwana Huɗun da Suka Ɓace Tsakanin Osaka da Makera

Duk macen da ta taɓa kai ɗinki shagon Scholastica a unguwar Makera da ke Kaduna ta san dokar wurin. Ba a ajiye yadi a tafi. Sai an tsaya ta warware shi a gaban mai shi, ta ɗora tef ta auna daga baki zuwa baki, ta ɗaga shi sama ta duba ko akwai huji ko tabo. Ko an ce mata yanzun nan aka yanko shi daga kanti, ba za ta musa ba, za ta dai ce, "To, bari mu gani." Matan unguwa suna kwaikwayon muryarta a bayan idonta, amma wurinta suke komawa, don hannunta na da kyau, kuma ba a taɓa jin ta ci ƙyallen kowa ba.

'Yar wani ƙauye ce kusa da Zonkwa. Tana da shekara tara ubanta ya ɗaure ƙunshinsa ya ce za shi haƙar kuza wajen Jos, mako uku zai dawo. Aka yi damina biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ga wani ɗan garinsu ya zo ya ce ya gan shi a Bukuru da wata mata har da goyo. Uwar tana surfe aka gaya mata, ba ta ajiye taɓaryar ba har ta gama. Abin da ya tsaya wa yarinyar a rai ba tafiyar uban ba ce. Daga baya ne ta gano ashe rabin ƙauyen sun daɗe da sani, suna gaisawa da uwarta kullum safe, kowa ya kama bakinsa. Tun daga lokacin, in aka yi mata magana, ba bakin mai maganar kawai take saurara ba, har da inda idonsa ya nufa.

Da shekara goma sha shida ta zo Kaduna wurin gwaggonta ta koyi ɗinki. A coci ta haɗu da Joseph, makanikin injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, muryarsa ce ke riƙe mawaƙan coci daga ƙasa. Shi ake kira in maciji ya shiga ɗakin wani. Shekarar da kogi ya cika ya yi ambaliya, shi ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ya fito da wata tsohuwa, mutane na tsaye a bakin ruwa suna salati da kiran Yesu. Shekara biyu ya yi yana zarya kafin ta amsa masa, kuma a cikin shekara biyun nan babu inda ba ta aika an binciko mata shi ba, har ƙauyensu. Ba ta samu komai ba. Suka yi aure, suka haifi uku, babbar ita ce Vicky.

A farkon shekarar 1979 masaƙar ta zaɓi mutum biyu su je Osaka, a ƙasar Japan, su yi wata shida suna koyon sababbin injinan da za a kawo. Aka zaɓi Joseph da maƙwabcinsu Malam Zakariyya'u, mutumin Zariya, wanda suka shekara goma sha ɗaya suna shiga aiki tare suna tashi tare. Wasiƙar Joseph ta farko shafi huɗu ce, kusan duk labarin jirgi. Ya jera mata garuruwan da suka sauka ɗaya bayan ɗaya: Legas, Roma, Bombay, Bangkok, Hong Kong, sannan Osaka. Ya ce kwana ɗaya da rabi suka yi a hanya, ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa kamar audugar da ake zubewa a ɗakin kaɗi, kuma shi ya riƙe wa Zakariyya'u hannu lokacin tashi. Ta karanta wa yara, ta ninke ta sa a aljihun keken ɗinkinta.

Shekarar ce ta zaɓe. Ko'ina hotunan 'yan takara ne a bango, motoci na yawo da lasifika, kowa na cewa ranar ɗaya ga Oktoba soja za su koma bariki. Scholastica ta je ta jefa ƙuri'a, amma in an tambaye ta sai ta ce ita sai ta ga sun fita da ƙafarsu. Wasiƙar Joseph ta ƙarshe ta ce za su taso ranar Talata, ashirin da biyar ga Satumba, Alhamis suna gida.

Ranar Alhamis ta rufe shago da wuri, ta yanka kaza, ta yi wa yara wanka. Wajen la'asar motar masaƙa ta shigo layi, yara suka bi ta da gudu. Mutum ɗaya ya fito, Malam Zakariyya'u. Matarsa Hajara ta fito da murna, maƙwabta suka kewaye shi. Scholastica ta tsaya a bakin ƙofarta har ya ratso mutane ya zo.

"Maman Vicky, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Sannu da hanya. Ina abokin tafiyar taka?"

"Yana nan tafe. Wani ɗan tsaiko aka samu, amma lafiyarsa ƙalau."

"A ina aka samu tsaikon?"

"A hanya dai."

"Hanyar ba ta da suna, Malam?"

Ya yi 'yar dariya, ya shafa gemu, ya ce wallahi kansa juyawa yake yi don gajiya. Duk maganar nan da yake yi, idonsa na kan takalmansa.

Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce, Lahadi ta je coci mutane na tambayarta, tana cewa yana hanya. Ranar Litinin, ɗaya ga Oktoba, kowane gida rediyo a kunne ana sauraron rantsar da farar hula, sai Vicky ta yi ihu daga waje. Ga Joseph nan tafe a ƙasa daga wajen tashar jirgin ƙasa, akwati a kafaɗa, gemu ya tsiro masa, wandonsa na zamewa daga ƙugu. Babu motar masaƙa, babu rakiya.

Ta ba shi ruwa, ta ba shi abinci, ta bari ya raba wa yara tsaraba. Sai da suka rage su biyu ta ce, "Baban Vicky, Alhamis ka rubuto."

"Hanyar ce da nisa. Ke kin san inda Japan take kuwa? Ƙarshen duniya ne. Ga lokacinsu daban da namu. Mutum sai ya rasa kwanaki a sama bai ma sani ba."

"Shi Malam Zakariyya'u ta gajeriyar hanya ya biyo ke nan?"

"Jirginmu ne ya bambanta," in ji shi, ya ɗauki kofi ya kafa kai, alhali ta ga babu sauran ruwa a ciki.

Washegari ta kwashe kayansa za ta wanke. Ba ta taɓa jiƙa tufa ba sai ta laluba aljihu, wannan ɗabi'ar tela ce. A aljihun kwat ta ciro abu uku. Tikitin jirgin sama daga Legas zuwa Kaduna, sabo fil, ba a yage shi ba. Guntun tikitin jirgin ƙasa na ranar Lahadi. Sai wata farar takarda a ninke gida huɗu, an yi rubutu da shuɗin biro, layi shida, cikin harshen da ba Turanci ba, ba kuma zanen Japanawa ba. Kalma biyu kawai ta gane. A layin farko akwai Joseph. A ƙasa, inda ake sa hannu, akwai Anna.

Ta daɗe a tsugune gaban baho, kumfa na mutuwa. Daga nan ta mai da tikitocin inda ta same su, takardar kuwa ta soke ta a ƙasan gwangwanin maɓallai.

Makonnin da suka biyo baya ta zuba masa ido. Mutumin da ya cika shafi huɗu da labarin tafiya, yanzu in abokai sun ce ya ba su labarin dawowa sai ya karkata zuwa injina da yadda Japanawa ke cin ɗanyen kifi. Ba ya cin rabin abin da ya saba ci. In jirgi ya wuce ta saman unguwa, sai ya tsai da loma a hannu, ya yi shiru har ƙarar ta ɓace. Ita kuwa ta fassara shirun yadda ta ga dama: yana tuna wadda ya baro. Wani lokaci ta ce a ranta Annar nan 'yar Legas ce, shi ya sa ya ƙi jirgin sama, don su daɗe tare a jirgin ƙasa. To amma wace 'yar Legas ce za ta yi irin wannan rubutu? Wani lokaci ta ce ko kama shi aka yi da wani abu aka kulle. Ta shiga wurin Hajara da sunan aron rariya, ta zagaya ta zagaya, ta gane ita ma ba ta san komai ba. Mazan biyu kuma ta lura sun rage zama tare a waje, in sun gan ta tafe sai su canza magana zuwa siyasa.

Abu ɗaya ya hana ta tsayawa a kan zarginta. Idan fa gaskiya ya faɗa? Ita ba ta taɓa wuce Kafanchan ba ta kudu, ba ta wuce Zariya ba ta arewa. Wataƙila akwai hanyar da ke cin kwana shida. Wataƙila da gaske kwanaki na ɓacewa a sama. Ba ta son ta tayar da gidanta a kan abin da ba ta auna ba.

Cikin masu kawo mata ɗinki akwai Malama Eunice, mai koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Kakuri. Da ta gama mata riga da zani, maimakon ta jira a zo karɓa, sai ta sa a jaka ta kai mata har makaranta lokacin tara. Bayan an gwada riga, ta ce ai Vicky ce ta dame ta da tambayar nisan inda babanta ya je, ita kuma ba ta da amsa.

Malama Eunice ta ja ta ɗakin malamai, ta sauko da ƙwallon taswirar duniya daga kan kabad, ta hure ƙurar. Ta juya shi ta ɗora yatsa. "Ga Legas." Ta sake juyawa sosai. "Ga Osaka."

Scholastica ta zare tef daga wuyanta. Ta danne bakinsa a kan Legas, ta bi da shi ta bayan ƙwallon kamar mai auna kafaɗa. "Inci goma sha biyu da rabi."

"A wannan ƙwallon kowane inci kilomita dubu ne da 'yan kai," in ji malamar. "Kin ga ya haura dubu goma sha uku ke nan, in da a miƙe za a bi. Amma ba a miƙe suke bi ba."

Scholastica ta ciro wasiƙar nan mai shafi huɗu, ta karanto garuruwan, malamar na nunawa, ita tana aunawa gaɓa-gaɓa tana haɗawa a ka. Osaka zuwa Hong Kong, zuwa Bangkok, zuwa Bombay, zuwa Roma, a gangaro Legas. Ya kama inci goma sha shida da rabi. Malama Eunice ta ɗauki alli ta yi lissafi a gefen tebur. Ta ce irin manyan jiragen nan suna cin kilomita ɗari takwas da wani abu a awa ɗaya, saboda haka zaman sama bai fi awa ashirin da ɗaya ba. In an haɗa da sauka da jira, kwana ɗaya da rabi, a yi sakaci a ce biyu.

"Babu wata hanya da ta fi wannan tsawo?"

"Ko ta ɗaya gefen duniyar ya zagayo, ba zai kai kwana uku ba."

"To batun lokaci fa? An ce mutum na rasa kwanaki a sama."

Malamar ta yi dariya. "Awa takwas ce tsakaninmu da su, su ne a gaba. Mai dawowa ma riba yake ci, agogonsa zai mayar baya." Sai ta daina dariyar, ta dubi fuskar telar da kyau. "Maman Vicky, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Hannun rigar nan bai matse ki ba?"

Ta fito daga makarantar. Yanzu ta tabbata ƙarya ya yi mata. Saura takarda.

Ranar Laraba bayan addu'ar safe ta jira mutane suka watse, ta bi Fada Daniel, limamin cocinsu, ofishinsa. Ɗan ƙasarsu ne, ya yi karatu shekara huɗu a Roma. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba, ta ajiye takardar a gabansa ta ce, "Fada, wane yare ne wannan?"

Ya sa tabarau. "Italiyanci ne." Ya karanta a zuci, ya sake karantawa, ya ɗago ya dube ta. "Joseph ya san kin kawo mini?"

"Da ya sani da ban kawo ba. Ka karanta mini yadda take, Fada, kada ka rage, kada ka gyara."

Ya yi ajiyar zuciya ya fassara a hankali. Takarda ce zuwa ga ma'aikatan cikin jirgi. Ta ce wannan fasinja, Joseph, ya tsorata ƙwarai a jirgin da ya kawo shi daga Bombay, ya kasa shiga na Legas ranar Laraba, kwanansa uku a ɗakin jira. Likitan filin jirgi ya ba shi ƙwaya biyu. A zaunar da shi nesa da taga, kada a ba shi giya, wani ya riƙa leƙa shi. Sa hannun Anna, ma'aikaciyar teburin fasinjoji.

Scholastica ta ce, "Joseph? Tsoro?"

"Abin da aka rubuta ke nan."

Ta karɓi takardarta ta yi godiya. Amma tun kafin ta kai ƙofar coci zuciyarta ta fara saƙa. Fada namiji ne. Joseph kuma shi ne ƙashin bayan mawaƙansa. Me zai hana ya dubi wasiƙar soyayya ya ƙirƙiro wannan don ya ceci aure? Ai aikinsu ke nan. Kuma ƙaryar ma ba ta yi kama da gaskiya ba. Mutumin da ya shiga kogi da igiya a ƙugu ne zai kasa hawa matakala?

Kwana biyu tana juya abin. Ranar Asabar da yamma, Joseph ya tafi koyon waƙa, ta hango Malam Zakariyya'u zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa bayan sallar la'asar. Ta yafa gyale ta je ta tsuguna daga gefe.

"Malam, na samu takardar Anna."

Carbin da ke hannunsa ya tsaya.

"An karanta mini ita kaf. Ba na son ka gaya mini abin da ke ciki, na riga na ji. So nake ka gaya mini abin da idonka ya gani, in ga ko bakinku zai zo ɗaya da mai karatun."

"Maman Vicky, alkawari na yi masa."

"Ka riƙe alkawarinka. Ni kuma gobe zan kwashe yarana in tafi Zonkwa, in ya tambaye ka dalili sai ka gaya masa."

Ya yi salati a hankali. Ya dubi layi hagu da dama, ya rage murya. Ya ce bayan sun tashi daga Bombay da kamar awa biyu, ana cikin raba abinci, sai jirgin ya faɗa kamar an tsinke igiyar guga a rijiya. Faranti suka tashi sama. Wata ma'aikaciya ta bugu da rufin jirgi, ta faɗo a kan ƙafafun Joseph, jini na zuba daga kanta, shi ya riƙe ta. Jirgin ya yi ta girgiza, fitilu na ɗaukewa suna dawowa, kowa na kiran abin da yake bauta wa. Shi Zakariyya'u ya rufe ido ya yi kalmar shahada ya sallama. Joseph kuwa idonsa biyu, yana kusa da taga, yana kallon fiffike na lanƙwasa.

"Muka sauka Roma lafiya ranar Laraba. Bai ce komai ba. Aka kira jirgin Legas, muka bi layi, har mun kai gindin matakala. Sai ya tsaya. Na ce mu je, ya ce ƙafarsa ta ƙi. Na zaci wasa ne. Na ja shi, wallahi kamar in ja ginshiƙi. Gumi ya jiƙa masa riga. Ƙato kamar Joseph, ya zauna a ƙasa yana kakkarwa, Turawa na kewaye shi suna wucewa." Ya ja carbinsa. "Na ce zan zauna da shi, ya rantse in na zauna ba zai ƙara yi mini magana ba. Ya ce in tafi in tare masa wajen masaƙa, kuma kada kowa ya ji, musamman ke. Wata mata mai rigar ma'aikata ta zo ta kama hannunsa. Ta isa ta haife mu ni da shi, furfura ce fal kanta. Ita ce Annar taki. Jirgin Legas na gaba sai Asabar."

"Musamman ni," in ji Scholastica.

"Haka ya ce."

Ta auna maganar da ta Fada, gaɓa da gaɓa. Laraba, kwana uku, Bombay, duk sun zo ɗaya, kuma ta san mutanen biyu ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. Zakariyya'u ya ce, "Don Allah kada ki nuna masa." Ta ce ta ji.

Ba ta nuna masa ba, amma ba don ta huce ba. Wata guda tana jin haushinsa fiye da da. Da mace ce, ta san abin da za ta yi. Wannan kuwa ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ya gwammace ta ɗauke shi maci amana da ta san ya ji tsoro. Ta riƙa ƙara masa nama a miya ba ta cewa komai, in jirgi ya taso wucewa sai ta taka keken ɗinki da ƙarfi ko ta ƙwala wa yara kira. Sannu a hankali ƙugunsa ya cika wando, muryarsa ta dawo a coci.

Shekara biyu bayan haka, ya dawo daga aiki wata rana fuskarsa kamar an yi mutuwa. An sake zaɓensa. Wata uku a Osaka, in ya dawo a ba shi shugabancin sashe. Ya faɗa yana murmushin da bai kai ido ba. Kwana uku bai iya cin abinci ba. Ba zai iya cewa a'a ba, don dole a tambaye shi dalili.

Rana ta huɗu Scholastica ta ci ado, ta ɗaura ɗankwali, ta tafi masaƙa lokacin canjin aiki, sa'ad da ƙofa ke cike da ma'aikata. Ta ce manajan ma'aikata take son gani. Aka ce ta jira, ta ce a nan ma za ta iya faɗa. Ta ɗaga murya yadda har masu sayar da abinci a tsallaken titi suka ji. Ta ce wancan karon sun kai mata miji ƙasar waje ya ɓace kwana huɗu, har yau ba a gaya mata gidan wadda ya kwana ba. Ta ce ta ga wasiƙar mace a aljihunsa. In suka sake sa shi a jirgi, to su shirya karɓar yara uku, a nan bakin ƙofa za ta ajiye musu. Aka kira Joseph daga ciki, ya fito ya tarar da ita tana nuna manaja da yatsa, ma'aikata na ta dariya suna tafa hannu. Manajan, wanda ba ya son fitina, ya ce su je gida su sasanta. Kafin mako ya ƙare aka sa sunan wani.

A hanyar komawa ranar nan, yana gaba tana baya, har suka tsallaka titin jirgin ƙasa. Nan ya tsaya ya juyo.

"Wa ya gaya miki?"

"Gaya mini me?"

Ya daɗe yana kallonta. Ita ma ba ta kawar da ido ba.

"Kin zubar da mutuncinki a gaban mutum ɗari biyar," in ji shi.

"Da ma sun ce ni mai zargi ce. Yau sun samu abin faɗa." Ta gyara ɗankwalinta. "Ka wuce mu je, na bar wake a wuta."

Shugabancin sashe ya wuce shi, bai ƙara samun irinsa ba. Shekaru da yawa ana tsokanarsa a masaƙa cewa matarsa ta ɗaure shi da zaren keke, shi kuma sai ya ɗaga kafaɗa ya yi dariya tare da su. Matan Makera suka riƙa jan kunnen 'ya'yansu mata kada su yi kishi irin na Maman Vicky, wadda ta tare wa mijinta ci gaba. Ta ji, ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Malam Zakariyya'u ne kaɗai, duk sallar layya, yake aiko mata da cinya guda daban da rabon gidan, Hajara ta yi ta tambayar dalili bai faɗa ba.

Da masaƙar ta fara tangaɗi aka sallami su Joseph, sai suka sayi fili a Kamazou tun wurin yana gonaki, suka gina ɗaki uku. Shi ya koma gyaran injinan niƙa, ita ta buɗe shago a baranda ta yaye 'yan mata da dama. A can ya rasu bayan gajeriyar jinya, mawaƙan coci uku suka zo jana'izarsa. Ita ta ƙara shekara tara a bayansa, tana ɗinki har idonta ya daina ganin ramin allura.